Inna, Na Ba Takwararki Uku Bisa Ashirin

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya ƙara miki ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke cewa mutanen Guci suna lafiya. An gama girbi, shanu sun shiga karan gona. Ni ma lafiya lau nake a Magarya. Dalilin wasiƙar nan kuwa ƙara ce. Na san da kina raye da tuni an kawo miki ƙarata, shi ya sa na ce gara in riga su, ki ji daga bakina.

Inna, takwararki na ba uku bisa ashirin.

Uwani nake nufi, 'yar Yaya Buba, wadda kika goya har ta fara tafiya. Bana ta shiga lise, wato babbar sakandare, tana zaune a gidana, kuma aka sa ta a sagond Se, ajin masu lissafi da kimiyya, ajin da ni nake koyarwa. Sunanki ne a saman takardarta, sunan da ko wajen kiran suna a aji bakina ba ya iya faɗa, sai in ce Uwani, yara su yi ta murmushi. A ƙarƙashin sunan nan na rubuta uku da jan bik, wato biro. Ban ji daɗi ba, wallahi ban ji ba, amma ban yi nadama ba.

Bari in gaya miki yadda aka yi.

Ranar da aka buɗe lakkol, wato makaranta, na tsaya gaban 'yan ajin, su hamsin da wani abu, na faɗa musu abin da nake so, ban ɓoye kome ba. Na ce kowa ya nemi kaye na biruyo, wato littafin rubutu na ɓata da gyara, kuma kullum bayan la'asar ya zauna ya yi tambaya biyar da hannunsa. In ya yi kuskure kada ya goge, kada ya yage shafin, ya ja layi ɗaya a kai ya sake a ƙasa, don in ga inda ƙafarsa ta zame. Na ce wanda bai gane ba ya ɗaga hannu ran nan, kada ya bari sai an yi wata uku. Na ce aljebra da lissafin kusurwa ba a haddace su. Duk suka gyaɗa kai kamar sun ji.

Ba su ji ba. Da ma kin ga kayensu, Inna! Shuɗi ga rubutu, ja ga kanu, kore ga layi, ko ɗigon tawada babu. Abin da na rubuta a tabulo, allon aji, shi suke kwafewa tsaf, sannan da yamma su fita ƙarƙashin dogonyaron bayan lakkol, kowa da kayensa a hannu, suna kai da kawowa suna maimaitawa da ƙarfi, suna rufe ido, kamar masu tilawa. Sinis, kosinis, gefe kaza bisa gefe kaza. In kika wuce ta wurin sai ki ce kai, yaran nan akwai ƙoƙari. Ƙoƙarin kuwa akwai shi, ba na musu ƙarya. Uwani ta fi kowa. Har tana shara tana yi.

Biruyon fa? Fari fat. Na duba nata sau biyu, na yi mata faɗa a gida, ta ce to Gwaggo, ta koma ga haddarta.

Da lokacin dubuwar na farko ya yi, wato gwajin da ake ba da maki, ban kawo musu wani baƙon abu ba. Tambayar da muka yi a aji ita na ɗauko. A aji alwatikar tana zaune daram, kusurwoyinta A da B da C. A takardar gwaji sai na kwantar da ita a kan dogon gefenta, na sa mata M da N da P. Shi ke nan abin da na yi.

Inna, fiye da rabin ajin suka rubuto mini A da B da C. Babu A a takardar, babu B. Uwani ta cika shafi biyu da rubutu mai kyau kamar na buga a inji, amsar tambayar da ba a yi mata ba, tun daga farko har ƙarshe, ko waƙafi ba ta manta ba. Ukun ma na lalubo mata shi ne a wata ƙaramar tambaya ta aljebra. Na daɗe ina kallon takardar. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na san takardar nan, don ni ma na taɓa rubuta irinta.

Kin tuna hutun da na dawo gida daga koleji da maki biyu a lissafi? Ina zagaya garke da kaye a hannu ina ta ƙunƙuni, ke kuma kina tatsa. Ba ki san harafi ko ɗaya ba, amma kika ɗago kai kika ce, "Tun safe bakinki ke aiki. Hannun fa, ciwo yake?" Kika tashi kika ɗebo gawayi a murhu, kika nuna mini bangon ɗakinki wanda kika gama yaɓewa kwana biyu da suka wuce. Na baƙanta shi kaf a hutun nan. Baffa ya yi ta faɗa, kika ce bangonki ne.

Kuma kin tuna yadda kika koya mini tatsa. Na saba da farar saniyar nan mai haƙuri, har na fara cika baki. Washegari kika miƙa mini ƙwarya kika nuna mini jar mai harbi. Ta zubar da ni, ta zubar da nonon, na yi kuka. Kika ce, "Ai farar ce ta iya tsayawa, ba ke kika iya tatsa ba." Jibi kika sake mini wata. Ban taɓa kwana biyu a kan saniya ɗaya ba sai da hannuna ya faɗa. Yanzu don Allah, me na yi wa Uwani da ya wuce wannan?

Amma je ki ji yadda labarin ya isa Guci. Wai Hajara ta samu aikin gwamnati ta manta asalinta. Wai ta ci mutuncin sunan uwarta a gaban 'ya'yan mutane. Matan da ba su taɓa ganin ƙofar lise ba, su ne suka fi kowa sanin makin da ya kamata in bayar. Yaya Buba ya kira ni a waya, ko gaisuwa bai tsaya mun gama ba, ya ce, "Ko kunyar sunan ba ki ji ba?" Ya ba ni zaɓi biyu. Ko in gyara makin ya kai goma, tun da biron a hannuna yake, ko in sa hannu a takardar da za a kai wa shugaban lakkol a mai da ita seri A, ajin masu adabi, inda lissafi kaɗan ne, ta huta kowa ya huta.

Na ce masa ba zan yi ko ɗaya ba.

Ba raina seri A na yi ba, akwai yara masu kaifin ƙwaƙwalwa a can, kuma su suka zaɓa. Uwani ba ta zaɓa ba. Tun tana firamare take cewa likita za ta zama, kowa ya sani, ke ma kin sha yi mata tsiya da shi kina ce mata ta zo ta duba miki gwiwa. Hanyar nan ta lissafi ta bi. Gwaji ɗaya kacal, sai a cire ta don kada a yi wa babanta dariya a kasuwa? Makin ƙarya kuwa, ni zan iya ba ta goma, amma ranar bak, jarrabawar gama lise, ba ni ke gyara takardarta ba. Wani baƙo ne da bai san Guci ba, bai san sunan wa take ɗauke da shi ba, ko sunan ma ba zai gani ba. Ran nan wa zai ji kunyar wa?

Ku kuma da kuke leƙen wasiƙar nan ta kafaɗata, na san cikinku akwai masu cewa madam ɗin nan ta cika taurin kai. Na karɓa. Ku dai je ku buɗe biruyon 'ya'yanku yau, in kun same shi fes, kada ku yi murna.

Ranar Juma'ar da ta wuce waccan Yaya ya shigo motar haya ya zo da kansa. Na yi masa tuwo da miyar kuka da man shanu, yadda yake so. Bai ko buɗe kwanon ba. Ya zauna a bakin tabarma da takalminsa a ƙafa, ya ce Uwani ta haɗo kayanta, in ba za a mai da ta seri A a nan ba zai kai ta Dungas gidan abokinsa a yi mata a can. 'Yarsa ce, Inna, ba ni da ikon hana shi. Ina jin motsinta a ɗaki.

Ta fito ba jaka. Ta durƙusa nesa da shi, kanta a ƙasa, ta roƙe shi ya bar ta zuwa ƙarshen zangon nan. Ta ce in ba ta kai goma a babban gwaji ba, da ƙafarta za ta bi shi duk inda ya ce. Ban sa ta ba, Allah shi ne shaida, ban ma san tana da wannan bakin ba. Yaya ya daɗe yana kallonta. Ya ce ya ji. Sannan ya juyo gare ni ya ce in yarinyar nan ta faɗi, ni na kayar da ita, kuma in ɗauka ba ni da wa a Guci. Ya fita. Tuwon nan sai maƙwabta na ba.

Tun ran nan bai ɗauki wayata ba. Ina kewarsa. Shi ya riƙa ɗauko ni a keke daga bakin hanya duk hutu, shi ya sayar da ɗan bijiminsa da na ci bak don in tafi jami'a. Ba mugu ba ne, kin fi ni sani. Tsoro yake ji, yana ganin 'yarsa tana wahala a kan abin da shi ba zai iya taya ta ba.

Uwani kuwa ta daina zuwa ƙarƙashin dogonyaro. Bayan la'asar tana shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta yi ta fama. Tana ja layi, tana sakewa, wani lokaci ta jefar da bik ta kifa kai a gwiwa. Ba na taya ta sai ta gwada sau uku. Shekaranjiya na raba musu takardun gwaji na biyu. Ta samu bakwai. Har yanzu faɗuwa ce, na sani. Amma rubutun ya yi muni, duk gyare-gyare, kuma kowane maki a ciki ita ta haƙo shi. Da na miƙa mata sai da na juya na fuskanci tabulo, don kada yara su ga idona.

Saura mako uku babban gwajin, kuma ni ke rubuta tambayoyin. A nan ne nake so da kina kusa, in ɗora kaina a cinyarki in yi kukana in tashi. A gidana take aiki, Inna. Na san abin da ta iya, na san abin da har yau yake kayar da ita. In na ga dama zan zaɓi tambayoyi huɗu da za su ba ta goma sha biyu, ba wanda zai taɓa sani, Yaya ya dawo ya ci tuwona. Jiya da hantsi na zauna a ɗakin malamai na rubuta tambayoyin gwajin. Ta huɗun irin wadda ba ta iya ba ce tukuna, amma tana cikin abin da muka yi, kuma kowane ɗan sagond ya kamata ya iya ta. Na ɗora bik a kanta zan soke, na daɗe a haka. Na bar ta. Na kai takardar ofis, an rufe ta a ambulan.

In na yi kuskure ki yafe mini. 'Ya'ya biyu kika bari, ga shi ba sa gaisawa, kuma ni ce sanadi.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sanya Aljannar Firdausi ce makomarki, ke da Baffa. Allah Ya sanyaya zuciyar Yaya Buba. Allah Ya buɗe wa Uwani ƙwaƙwalwa a cikin mako ukun nan, Ya ba ta goman nan da guminta. In kuma bai ƙaddara ba, Ya ba ni ƙarfin rubuta abin da ta samu. Amin.

Taki har kullum,
Autarki Hajara,
daga Magarya.