Dorinar Gaweye

Yamai, Afrilu 1985

Yaya Delu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya Maraɗi, ya ƙafar Inna? Mai ɗakina Hamsatu tana gaishe ki. Lafiya muke, sai tsadar hatsi.

Yaya, kogi ya janye har yara na buga ƙwallo ƙarƙashin gada. Cikin dorinan da nake kai nasaru 'yan yawon buɗe ido su gani a kwalekwale, saura ɗaya tak, a wani gurbi mai zurfi ƙasa da otal ɗin Gaweye. Ita ce gonata, kin sani. Mu masu jirage mun yi shiri: a bi layi, a tsaya nesa, kada a dame ta, don mu daɗe muna ci.

To Abdou, wanda muka fara sana'ar tare, ya karya shirin. Ciyawar burgu yake watsa mata, ta zo har gindin jirginsa ta wangale baki, nasaru na ta ɗaukar hoto. Yanzu tun daga otal sunansa ake tambaya, ni kuwa ina wuni ina korar ƙuda. Na yi masa magana, ya ce hassada ce. Wallahi akwai hassadar, amma tsoro ya fi yawa. Dabba mai yunwa ta koyi cewa kowane jirgi abinci ne.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Salisu

Yamai, Mayu 1985

Yaya Delu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, abin da nake tsoro ya faru. Dorinar ta bi jirgin Isaka, wani mai lambu da ke ƙetaro da albasa, tana neman burgu, ta kifar da shi. Ya tsira da karyayyar ƙafa.

Washegari sojoji suka zo. Na roƙi babbansu a bar ta, ya tambaye ni ko ina sha'awar kwana a bariki. Zamanin nan ba a maimaita magana. Suka harbe ta.

Jama'a suka sauko da wuƙaƙe da tasoshi, har da waɗanda fari ya koro daga arewa. Ban ga laifinsu ba. Abdou ya sayar da jirginsa, wai zai tafi Kwatano. Ni raina a ɓace yake, ban san abin yi ba. Ki tambayi maigida ko da aiki a shagonsa.

An aiko mana da kasonmu na naman dorinar. Na ce a mayar. Hamsatu ta dube ni, ta dubi yara, ta ɗora tukunya. Rabonsu da nama tun Layya. Sun ci sun ƙoshi, Yaya. Ni ma na ci.

A gaida Inna, kada a faɗa mata tukuna.

Ƙanenki,
Salisu