Kifin da Kika Bar Mini Amana

Zuwa ga 'yata Rukayya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Ya Fatakwal, ya baƙunta, ya ruwan sama? Mu nan Damba lafiya lau, ƙafar Babanki ma ta yi sauƙi.

Rukayya, kifinki beta, shuɗin nan mai baza jela, ya mutu ranar Talata, kuma ni ce sila. Kin ce in riƙa ba shi ƙwayar abinci uku da safe, uku da yamma. To, duk sanda na gifta kwalbar sai ya taso yana kallona, in ga kamar yunwa ce, in ƙara masa. Da zan tafi suna Bungudu, sai na zuba masa cokali guda don kada ya rasa. Na dawo na tarar ruwan ya gurɓace, cikinsa ya kumbura, yana iyo a karkace.

Na garzaya wurin mai sayar da irin kifin. Ya ce, "Hajiya, irin wannan kifi ai tumbinsa bai fi ƙwayar idonsa girma ba. Ki canza ruwa, ki hana shi abinci kwana biyu." Na yi, amma bai tashi ba.

Da na koma na gaya masa, ya nuna mini wani irinsa sak, wai ba za ki gane ba. Har na miƙa hannu, sai kunya ta kama ni. Shekara biyu kina kula da shi, ni wata ɗaya ya gagare ni. Ki yafe mini.

Babanki da ƙannenki suna gaishe ki. Ki sa mu a addu'a.

Innarki,
Saratu