Gonar Atong

Dammam, watan Maris

Zuwa ga Nanay, mahaifiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, gwiwar kuma ta yi sauƙi. Na ba Ate Cely, abokiyar aikina a asibiti, wannan takarda da man shafawa ta kawo miki. Kin ce in daina kiranki a waya kan maganar ƙanena Atong, wai muryata tana sa ki kuka. To, ga shi na rubuto.

Nanay, watan Yuni zai cika shekara da rasuwa, a yi masa addu'a ki ajiye baƙaƙen kaya. Ke kika ce kafin ranar za ki kwashe ɗakinsa ki sa ɗan haya. Tufafin dai coci za ki kai. Saura kaset-kaset ɗin gem ɗin nan nasa, na wasan bidiyo, da suka cika kwali biyu. Don Allah ki ji shawarata, ki sa su a tasi ki kai shagon gem na Cubao, su duba su ba ki kuɗi a take. Na san za su karya farashi. Su karya. Wuni ɗaya ne kin huta.

Kada ki bari maƙwabciyarki Aling Dely ta zuga ki da zancen tallata su a waya, ki riƙa haɗuwa da mutanen da ba ki sani ba. Ƙane ɗaya gare ni, kuma titi ya cinye shi. Ba zan iya zama a nan ina tunanin ke ma kina yawo a titi da jaka ba.

Ki gaida mutanen layinmu. Allah ya tsare min ke.

'Yarki,
Ning

Marikina, watan Afrilu

Ning 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida marasa lafiyarki. Man shafawa ya iso, umarni ma ya iso, ranki ya daɗe. Tun kina 'yar mitsitsiya kike tsara wa mutane rayuwa, ban san wa kika gado ba.

Na bi maganarki, kada ki ce ban bi ba. Na ɗauki kwalayen na kai shagon. Wanda na tarar saurayi ne mai ladabi, har kujera ya jawo min. Ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana duba kwamfuta.

"Wannan peso ɗari, Nanay."

Na nuna masa irinsa sak a rataye a bayansa. "Wancan fa? Ba dubu da ɗari biyar na gani a jikinsa ba?"

"Haka tsarin yake, Nanay. Amma in kin yarda mu ba ki kati maimakon kuɗi, ki sayi wani gem ɗin a nan, sai mu ɗan ƙara miki."

"Ni? In sayi gem? Ɗan nan, ɗago ka dube ni da kyau."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Ban ji haushinsa ba. Na tsufa ina ɗinka takalma a garin nan, na san abin da ake biyan mai ɗinki da abin da ake rubutawa a kanti. Mai shago yana da haya da wuta, ba don Allah ya buɗe ba. Har na yi niyyar cewa ya haɗa duka in kama gabana.

Sai ya zaro wani ɗan kaset mai ruwan toka daga ƙasan kwali, tare da tsohuwar na'urar hannun nan da Atong yake boyewa a ƙarƙashin matashi tun yana firamare. Ya ce bari ya gwada ko yana aiki. Ya kunna, ya juyo min da ita.

Ning, gona ce. Ɗan gida, rijiya, kunyoyin kabeji, da wani ɗan manomi mai malafa tsaye a bakin ƙofa. A samansa an rubuta ATONG. Saurayin ya shiga da shi garke, ga shanu, kowace da sunanta. Wadda ta fi ƙiba ita ce NANAY, mara kunyar yaro. Akwai wata siririya mai suna NING. Har da kaza mai suna DELY.

"Kai, wannan an daɗe ana yi mata hidima," in ji shi. "Shekara da shekaru."

Na ce, "Wanda ya saya zai tarar da ita haka?"

"A'a, Nanay. Duk abin da muka karɓa sai mun goge shi tas kafin ya hau kanta. Doka ce."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na mayar da komai cikin kwali, ya taya ni ɗaurewa, ya raka ni har bakin tasi. A tasin na yi kukan da ban yi ba tun ranar arba'in.

Aling Dely ta ɗauki hotunan sauran ta sa a waya. Na san me za ki ce. Ki faɗa, takarda ba ta da tsada.

Allah ya yi miki albarka.

Uwarki,
Perla

Dammam, watan Afrilu

Nanay,

Ina gaishe ki. Na karanta takardarki a ɗakin canza kaya, sai da na wanke fuska kafin in koma kan aiki. Ni na saya masa kaset ɗin nan, na hannu, da albashina na farko. Ban taɓa sanin ya mayar da ni saniya ba. Da yana nan da ya sha duka.

Tunda kin riga kin yanke, ga sharuɗɗa. Da rana kawai. Wurin da jama'a suke. Aling Dely tana gefenki. Kada ki saki kaya sai kuɗi ya shiga hannunki, kada kuma ki ba kowa adireshin gida, ko da ya ce shi limamin coci ne.

Shi ma ɗan tokan ki sa shi a ciki, Nanay. Ina faɗa ne don ina sonki. Zane ne a gilashi, ba Atong ba ne. In kin ajiye shi, kullum sai kin kunna, kullum sai mikin ya dawo sabo. Ina so ranar da za ki cire baƙin kaya ki cire shi har zuci.

Ki sha maganin hawan jininki, kada ki ce kin manta.

Taki,
Ning

Marikina, watan Mayu

Ning,

Gaisuwa da fatan alheri. Uwarki ta zama 'yar kasuwa, sai ki zo ki gani. A gindin matakalar tashar jirgin ƙasa muke tsayawa, ni da Dely, ni riƙe da jaka ita riƙe da lema. Mai saye ya zo, ya gwada a gabanka, ya miƙo ka miƙa. Kaset uku kacal suka ba ni abin da shagon ya yi wa kwali guda. Amma kada in yi miki ƙarya, kuɗin da gumi yake zuwa. Wani ya shanya mu har rana ta karkata bai zo ba. Wani ya zo da rabin kuɗi da labarin kakarsa ba lafiya.

Dely ta ce masa, "Kakar taka gem za ta sha? Wuce, malam, kafin in kira maka mai gadi."

Ranar gwiwata ta kumbura, na ce a raina Ning ta fi ni gaskiya. Kada ki saba da jin haka.

Abin da ban zata ba, da yawa cikin masu sayen sun san Atong. Ashe suna da ƙungiya a waya. Wani ƙato mai gemu ya ga rubutun Atong a bayan kwali, ya cire hula ya kama hannuna ya ɗora a goshinsa. Ya ce Atong ya taɓa kai masa aron gem har Antipolo a kan babur, cikin ruwan sama, bai karɓi ko kuɗin mai ba. A shago wa zai gaya min wannan?

Ɗan tokan kuwa, kin canka. Kowace safiya in na sha kofi sai na kunna. Ɗan manomin yakan farka a safiya ɗaya, wadda Atong ya bari. In fita da shi, mu zaga shanu, sai in kashe kafin rana ta faɗi a gonar. Saurayin shagon ya gaya min in ɗan manomin ya kwanta barci, na'urar takan rubuta sabuwar rana a kan tsohuwa. Ni kuwa ba na so in taɓa ranarsa. Shi ya sa ban taɓa barinsa ya kwanta ba.

Shekaranjiya wata mata ta zo sayen wani kaset, sunanta Girlie, tana aikin amsa waya a kamfani. Na nuna mata gonar don kawai in nuna wa wani. Ta daɗe tana kallo. Ta ce tana da irinta tana yarinya, ambaliyar da ta ci layinsu ta tafi da ita.

Sai ta ce, "Nanay, kin san akwai ɗan batiri kamar maɓalli a cikin kaset ɗin nan? Shi ke riƙe da gonar. Ya tsufa. Wata rana za ki kunna ki ga wayam."

Kin ji fa. Ni da nake ajiye shi kusa da kyandir a gaban hotonsa, ina ganin na adana shi.

Ta ce mijinta yana da na'urar da zai kwafe gonar, ya sa sabon batiri, ya mayar. "In kina so ya gyara miki ki ajiye, ba sai kin biya ba. In kuma za ki sayar, ni ina so. Ba zan goge ba, ba zan canza sunan kowa ba. Zan ci gaba da noma ta ne daga inda ya tsaya."

Na ce ta ba ni lokaci. An dai gyara batirin, gonar tana nan. Yanzu saura ni.

Uwarki,
Perla

Dammam, watan Yuni

Nanay,

Ina gaishe ki. Ki manta da abin da na rubuta a baya. Kada ki sayar. Don Allah kada ki sayar.

Ban zo jana'izarsa ba, hutu bai samu ba, a waya na ga an rufe akwatin. Na yi ta cewa ki fitar da komai ne don in na dawo kada in tarar da abin da zai kayar da ni. Yanzu kuma ina so in tarar. Ki ajiye min ɗan tokan yadda yake, a safiyar da ya bari, in zo in gani da idona ko da shekara mai zuwa ne. Ko nawa matar ta ce za ta bayar, ni zan ninka.

Ban iya rubutu mai tsawo yau ba. Ki yafe min.

Ning

Marikina, watan Yuni

Ning 'yata,

Ina gaishe ki. An yi addu'a lafiya, mutane sun cika gidan har waje, taliyar da aka dafa ma ba ta isa ba. Na sa riga mai furanni.

Takardarki ta same ni kafin ranar, na karanta ta har ta yi laushi. Amma ban bi maganarki ba, ki yi haƙuri. Shekara guda yaron nan yana tsaye a safiya ɗaya saboda ni. Ba zan ƙara masa wata saboda ke ba.

Da baƙi suka watse, Girlie ta zauna kusa da ni tana nuna min inda zan danna. Na ba shanu abinci, har da ke. Na yi ban ruwa. Na bar rana ta faɗi. Sannan na kai shi gida, na kwantar da shi da hannuna, abin da ban samu yi ba ranar da aka kira ni daga asibiti. Gilashin ya yi duhu, na ji kamar raina zai fita. Sai gari ya waye, ya tashi, kabejin ya nuna.

Na miƙa wa Girlie kaset ɗin, ta biya, na karɓa. Ta ce duk ranar da kika dawo ƙofarta a buɗe take, ki je ki ga yadda gonar ta zama.

Ki kira ni ran Lahadi. Yanzu zan iya jin muryarki.

Uwarki,
Perla