Sun Manta Su Rufe Ƙofata

Litinin, 6 Mayu 2024

Yau Malam Sa'adu, daraktan rediyonmu, ya sallame ni. Ya ɗora ƙanin matarsa Abdurrazak a kan sarbar, na'urar da na raina kamar ɗiya, wadda duk muryoyin da gidan ya taɓa ɗauka suke cikinta. Wai ni na cika faɗa. To, za su ga faɗa.

Alhamis, 9 Mayu

Na gwada shiga sarbar daga gida, don in gani kawai. Ya buɗe! Ba su rufe asusuna ba, ba su sauya kalmar sirri ba. Layi guda zan rubuta komai ya shafe. Na daɗe ina kallonsa, raina fes.

Lahadi, 19 Mayu

Ashe ba sai na wahalar da yatsana ba. An ce gwanin, Abdurrazak, ya cire ondilar, batirin da ke riƙe na'ura in kuran, wato lantarki, ya ɗauke, ya kai wa firjin darakta. Diskin da nake kwafe ajiya a kai kuwa ya goge shi ya cika da fina-finai. Kilim, na'urar sanyaya ɗakin, a kashe, cikin wannan zafi. Babban diski ya fara nuna alamun mutuwa, ba mai dubawa. Ni dai ido.

Juma'a, 24 Mayu

A kasuwa Inna Azara ta Korahane ta riƙe mini hannu. Mijinta Intalla, mai haƙar rijiya, ni na ɗauki hirarsa kafin ya rasu. Ba ta san an kore ni ba.

"Ɗiyata, muryar tsohon nan nika son ji, ko sau guda. Jikokinai ba su san ta ba."

Na ce mata to. Ta ɓata mini rana, wallahi.

Asabar, 25 Mayu

Hirar Intalla kaɗai zan kwafo. Ita kaɗai. Sauran su ƙone.

Na saurara. Yana dariya yana tari, yana faɗin yadda ake gane ƙasa mai ruwa. Kusa da hirarsa a sarbar akwai muryoyin tsofaffin garin Tagriss da waƙoƙin mata masu daka. Rezo, wato intanet, na jan ƙafa, na bar kwafin yana ta aiki, yana kwasar komai. Lalaci ne ya hana ni tsayar da shi.

Alhamis, 30 Mayu

Sarbar ya mutu jiya, da kuran ya dawo da ƙarfi. An ce Abdurrazak ya zauna ƙasa. Malam Sa'adu yana ta kira, "Rahinatu, don Allah," har da saƙon murya. Ban ɗauka ba. Na jira daɗin da na yi wata ina tanadi, bai zo yadda na zata ba.

Juma'a, 31 Mayu

Inna Azara ta ji mijinta, ta rufe fuska da mayafi.

Diskin da komai ke ciki yana jakata. Ban yafe ba, kar ma a yi zato. Hanyar gida ce dai ta bi ta ƙofar rediyon.