Zaɓin da Ka Yi wa Bilkisu Ba da Saninta Ba

Samaru, Zariya

Ismail,

Kada ka karanta wasiƙar nan a tsaye, kuma kada ka amsa mini da cewa ba zan gane ba. Zauna. Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, Allah ya kare ka daga sanyin ƙasar da kake. Mu lafiya lau, ƙafar Babanku ta yi sauƙi har yana takawa masallaci.

Ranar Talata ƙanwarka Bilkisu ta dawo daga makaranta ta kasa cin abinci. Manhajar da ta rubuta don aikin kammala digiri ta ƙi buɗewa a gaban malamarta, Dakta Ibukun, ga shi saura kwana goma ta kare aikin. Sau uku na sa ta yi mini bayani kafin na gane. Kompailar nan da kake ginawa, mai juya rubutunta zuwa abin da kwamfuta ke ganewa, tana da wurin da mutum zai rubuta laburaren da manhajarsa za ta dogara da shi, wato tarin shiryayyun umarni, akwai tsoho akwai sabo. A da in ba a rubuta komai ba, tsohon take ɗauka. Kai ka mayar da shi sabo, shiru, alhali kwamfutocin sashensu tsofaffi ne, sabon ba ya aiki a kansu. Har Sabon Gari yarinyar nan ta je wurin Okechukwu mai gyara, tana zaton kwamfutarta ce ta lalace.

Ta ce da ta kira ka, cewa ka yi kalma ɗaya kawai za ta ƙara, ai ka rubuta a cikin bayanin yadda ake amfani da kompailar. Wannan amsar ce ta fi ɓata mini rai. Ka manta ranar da Babanku ya canza kwaɗon ƙofa bai gaya wa kowa ba, ka wuni a waje da kayan makaranta kana kuka?

Kafin Juma'a ka gyara kompailar nan: in mutum bai zaɓa ba, ta tsaya ta faɗa masa a fili wanne za ta ɗauka. Ba don Bilkisu kaɗai ba, akwai 'ya'yan mutane da ba su da yayan da za su kira. Sannan ka tsaya da ita a waya har manhajar ta buɗe a kwamfutar sashen.

Ka gaida matarka Nana Hafsat. Kawu Dalhatu da Innarku ta Muchia suna gaishe ka.

Jiya na tara kowa na kafa doka: a gidan nan, duk wanda zai canza abin da wani ke dogara da shi, kwaɗo ne ko kompaila, sai ya faɗa da bakinsa kafin ya taɓa. Nisa bai cire ka ba.

Mahaifiyarka,
Rakiya