Hannu a Kan Teburin Awo

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da yara. Ya ciwon gwiwar?

Kin sha yi mini tsiya wai shekara goma sha bakwai ina gadin akwatin ƙarfe kamar mai jinya. To, ƙwayar zarra ɗaya tak ce a ciki, ƙanƙanuwar da ido ba ya iya gani. Kafin a auna ta, takan kasance wuri biyu lokaci guda; ana aunawa sai ta tsaya wuri ɗaya. Abokan aikina sun ce iska da ɗumi da girgiza ne ke taɓa ta su tsayar da ita. Wasu ma wai duniya ce ke rabuwa biyu, ji shirme! Ni na kafe cewa da kanta take tsayawa, ko ba abin da ya taɓa ta. Shi ya sa na zuƙe iskar akwatin, na sanyaya shi, na hana kowa ko da tari a ɗakin.

Wata uku ke nan na'urar awo tana nuna ɗan motsi, wanda nake ganin alama ce ta ƙwayar tana tsayawa da kanta. Idan kwamitin da zai duba aikina bai yarda hujja ce ba, shugaban sashenmu zai rufe ɗakin. Na gaji, Yaya. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Sarkin Gardama

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, kwamiti ya zo ya tafi.

Shugabarsu tsohuwar ɗalibata ce. Ta duba takardun awo, ta lura motsin ba ya fitowa sai ranakun da nake ɗakin. Kin san halina, ba na iya zama. Tsaye nake yini, hannun hagu dafe da bakin teburin da akwatin yake kai. Ba ta kunyata ni gaban mutane ba. Kofin ruwa kawai ta miƙo mini. Na karɓa, ruwan ya shiga rawa, sau biyar a daƙiƙa, daidai da abin da na'ura ta rubuta.

Wallahi, Yaya, da ƙasa ta tsage da na shige. Na kori iska, na kori ɗumi, na manta da kaina.

Likita ya ce ciwon karkarwar nan ne irin na Baba. Ranar Litinin za a kwashe akwatin. Ban san gaskiyar ƙwayar ba har yau, kuma hannun da zai sake gwadawa babu shi. Tsoro nake ji. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Ki yi haƙuri da rubutun. Sau uku ina sake kwafe wasiƙar nan, wannan ce mai dama-dama.

Ki huta lafiya.

Naki,
Ƙaninki