Kowa Ya Shigo Shagona da Ɗan Rakiya

Anti, ki taimake ni kafin in fara gaisawa da iska a bainar jama'a.

Ni dogayen riguna nake sayarwa, kuma ba yabon kai ba, daga takun mace nake gane mai saye da mai shan inuwa. Shekarun baya likita ya ce gilashin gaban idona ya yi laushi yana tsini, ciwon da suke kira keratokonas. Aka yi wa na dama aiki: aka ɗiga masa magani ruwan ɗorawa, aka haska masa wata fitila don ya yi tauri. Na hagu aka ce in riƙa kawo shi awo. To ni 'yar kasuwa, wa ke mayar da kayan da bai lalace ba? Na ci gaba da harkata.

Yanzu da rana tsaka, duk wadda ta shigo shagona sai ta shigo da 'yar rakiya. Fara-fara, manne da kafaɗarta, kamarsu ɗaya, sai dai ita ba ta taka ƙasa sosai. Mutum-mutumin da nake sa wa riguna ma kowanne ya yi ɗan'uwa. Makon jiya na miƙa wa wata leda, ashe hannun ta biyun na sakar wa. Ledar ta faɗi. Na wayance da santsi.

Abin da ke tayar min da tsigar jiki, marigayiya innata haka take muskutawa a kujera, kamar mai ba wani wuri, alhali ba kowa. Ga shi babbar 'yata ta fara murza ido ba ji ba gani, jiya kuma ta dubi gefen kaina ta yi murmushi. Maƙwabciyata mai takalma ta ce shagon ne ba lafiya, in tashi, ko da yake na san tun bara take harin shagon nawa. Anti, aikin ne ya warware, ko wani abu ke bin gidanmu?

Mai Shagon Kwana

Ƙanwata, tsoronki ba wauta ba ne, kowa ya ga haka sai gabansa ya faɗi. Amma kafin ki kwashe kaya, rufe ido ɗaya da tafin hannu ki dubi mutum-mutumin, sannan ki sauya. Ina zaton za ki kama idon da ke kawo baƙin. Gilashin da ya karkace ne ke raba hoto biyu.

Wancan aikin birki ne, ba ya mayar da ido sabo. Mafi yawan waɗanda aka yi wa, ciwon yana tsayawa shekaru masu yawa, kaɗan ne nasu ke sake motsawa, kuma a wasu ana iya maimaitawa. Na hagun da aka bari ya fi damuna. Ki koma awo, ki tambayi likita game da gilashi mai tauri da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, yana rage inuwar. Ki daina murza ido, ko ƙurar yadi ta dame ki. Ki kuma faɗa wa maigidanki, ɓoyo ba riba.

Na innarki Allah ne masani, amma ciwon yakan bi jini. Don haka ki riƙo hannun yarinyar ku tafi tare, cikin makon nan. A shekarunta ya fi gudu, kuma abin da ya ci ba ya amayarwa, sai dai a tsare wanda ya rage.

Allah ya ba ku lafiya, ya ƙara kasuwa.

Antinku